Wa Zai Binciki Mai Bindiga?

Gabatarwa

Wata ranar Talata ina koyar da 'yan aji biyar darasin haƙƙoƙin ɗan ƙasa, na iso kan haƙƙin rayuwa, sai wani yaro da ke zaune can baya, wanda ba kasafai yake magana ba, ya ɗaga hannu. Ya ce, "Malam, idan ɓarawo ya kashe mutum, 'yan sanda ake kai wa ƙara. To idan ɗan sanda ne ya harbe mutum, wa ake kai wa?" Kafin in buɗe baki wani daga gefe ya amsa masa, "'Yan sanda mana!" Aji ya ɓarke da dariya. Na ba shi amsar da ke cikin littafi, na lissafa masa kotu da hukumomi, ya rubuta a takardarsa. Amma da aka kaɗa ƙararrawa na fita, na san a raina cewa amsar wancan mai barkwancin ta fi tawa kusa da abin da ke faruwa a ƙasa. Wannan maƙala ƙoƙari ne na biyan bashin da yaron nan yake bi na, kuma na kawo ta gaban 'yan uwana marubuta domin a taru a duba.

Halin da muke ciki

Ya kamata in fara da faɗin inda nake tsaye, domin kada a ɗauka wani ne daga birni yake magana cikin kwanciyar hankali. Mu mutanen Sabon Birni da Isa mun san abin da rashin jami'in tsaro yake nufi. A watan Mayu na 2020 'yan bindiga sun kashe mutum fiye da 70 a ƙauyukan Sabon Birni a rana ɗaya. A watan Disamba na 2021 an ƙone matafiya a cikin motarsu kusa da Gidan Bawa. A watan Agusta na 2024 Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, ya rasu a hannun waɗanda suka sace shi. Dubban danginmu sun tsallaka iyaka suna zaman gudun hijira a Jihar Maraɗi. Mutumin da ya ga wannan, idan ya hangi motar 'yan sanda ta nufo garinsu, hamdala yake yi.

Saboda haka duk lokacin da na tayar da wannan zance a majalisa, amsar da nake samu ɗaya ce. Sai a ce, "Haba Malam, mu da muke roƙon a ƙaro mana su, kai kuma kana neman a ɗaure masu hannu?" Wannan magana tana da nauyi, kuma ba zan yi kamar ban ji ta ba, zan dawo kanta a gaba. Abin da nake so mai karatu ya riƙe tun yanzu shi ne, tambayar da nake yi ba ta shafi ko ɗan sanda yana da ikon yin harbi ba. Yana da shi. Sashe na 33 na kundin tsarin mulkin 1999, wanda ya tabbatar wa kowa haƙƙin rayuwa, shi ne kuma ya yarda a yi amfani da ƙarfi gwargwadon larura wajen kare rai ko dukiya, ko kama mai laifi da hana shi tserewa, ko kwantar da tarzoma. Tambayar tana zuwa ne bayan harsashi ya fita, mutum ya faɗi. Wa zai zo ya auna ko larurar ta kai? Wanda ya danna kunama ne da abokan aikinsa, ko wani daban?

Darasi daga ɗakin jarrabawa

Bari in ɗauko misali daga sana'ata. Shekara da shekaru ina koyarwa, kuma ina jin ba a taɓa kama ni da maguɗi ba. Duk da haka ranar da ɗalibaina za su zauna jarrabawar fita sakandare, ba ni ake damƙa wa ragamar ɗakin ba. Daga wata makaranta ake turo mai sa ido, shi ke riƙe da jakar tambayoyi, shi ke buɗe ta a gaban jama'a, shi ke rufe takardun amsa ya tafi da su. Can kuma wani malami wanda bai taɓa ganin fuskar yaran ba shi zai yi maki. Ban taɓa jin malamin da ya ce an ci mutuncinsa da wannan tsari ba. Kowa ya san dalili. Yaron da na koyar shekara uku, na san ubansa, na san irin wahalar da aka sha kafin a biya masa kuɗin jarrabawa, idan na ga alƙalaminsa ya tsaya a tambaya ta huɗu, zuciyata za ta karkata ko da hannuna bai motsa ba. Kuma ko da ban karkata ba, wa zai yarda? Sakamakon da malami ya ba ɗalibinsa da kansa ba ya da daraja a idon duniya, ko da kuwa gaskiya ne. Wato mai sa idon nan ni ma yana yi mini aiki, domin shi ne ke sa a yarda da kyakkyawan sakamakon ɗalibaina.

To idan a kan makin lissafi da Turanci mun yarda mutum ba ya duba kansa, yaya za mu ƙi yarda a kan rai? Difi'on da aka ce ya binciki yaronsa, shi ne ya tura shi aikin, shi ya sa hannu aka ba shi bindigar, tare suka kwana a daji ana ruwan harsashi, kuma idan aka sami yaron da laifi, sunan ofishinsa ne zai ɓaci. Ba sai ya zama mugun mutum ba kafin bincikensa ya karkace. Ya isa kawai ya zama ɗan Adam.

Wannan ba sabon tunani ba ne a wurinmu. Malamai suna ba da labarin Sayyidina Aliyu, lokacin yana Halifa, ya ga sulkensa da ya ɓace a hannun wani mutum wanda ba Musulmi ba. Bai tura dakaru su karɓo ba, ya kai ƙara gaban Alƙali Shuraihu. Da aka nemi shaidu ya kawo ɗansa Hasan, alƙali ya ƙi karɓar shaidar ɗa ga ubansa, ya yanke hukunci Halifa ya rasa sulken. Shuraihu bai zargi Aliyu ko Hasan da ƙarya ba. Ƙa'ida ce kawai ya tsare, wadda ke cewa na jikinka ba ya zama hujjarka, komai girmanka. A tsarin mulkin Musulunci ma an san zaman mazalim, inda talaka yake kai kukan zaluncin da ma'aikatan hukuma suka yi masa. Magabata sun gane tun tuni cewa mai iko yana bukatar wanda zai tsaya a kansa.

Bakolori da abin da ya biyo baya

Mu a wannan yanki muna da namu tabon. A tsakanin 1974 da 1978 kamfanin Impresit na Italiya ya gina madatsar ruwa ta Bakolori a kan Gulbin Sakkwato, kusa da Talatar Mafara, wadda a lokacin take cikin Jihar Sakkwato. Ruwa ya cinye gonaki da gidaje, aikin shimfiɗa magudanai ya hana wasu noma, biyan diyya kuma ya yi ta jan ƙafa. Manoma suka gaji da jira, suka tare hanyoyin shiga wurin aikin. A ƙarshen watan Afrilu na 1980, zamanin Shugaba Shehu Shagari da Gwamna Shehu Kangiwa, aka tura 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe wuta.

Mutum nawa suka mutu? Gwamnati ta ba da adadin da bai kai 30 ba. Masu bincike da 'yan adawa na lokacin suka ce sun haura 300. Ina roƙon mai karatu ya tsaya ya dubi tazarar da ke tsakanin waɗannan lambobi biyu. Gawa ba hayaƙi ba ce da za ta bi iska, kowace tana da suna da uwa da gari. Amma yau fiye da shekara 40 ke nan, babu adadi ɗaya da kowa ya yarda da shi, domin waɗanda suka yi harbin da waɗanda suka tura su su ne ke riƙe da asibiti da ɗakin ajiye gawa da takardu. Ni a wajajen wannan lokaci aka haife ni, labarin a bakin iyaye na ji shi, kuma ban taɓa jin dattijo ya ba da shi da ƙarfin murya ba.

Haka aka yi ta maimaitawa. A ranar 23 ga Mayu, 1986, 'yan sanda sun harbi ɗalibai a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, hukuma ta ce mutum huɗu suka mutu, ɗalibai suka ce sun fi haka, kuma kwamitin da gwamnatin soja ta kafa a ƙarƙashin Janar Emmanuel Abisoye bai sami amincewar ɗalibai da malaman jami'a ba. A watan Yuli na 2009 Muhammad Yusuf ya mutu a hannun 'yan sanda a Maiduguri bayan sojoji sun miƙa shi da ransa, aka rasa damar jin abin da zai faɗa a gaban alƙali, kuma kowa ya ga abin da ya biyo baya. A watan Agusta na 2024, lokacin zanga-zangar tsadar rayuwa, ƙungiyar Amnesty International ta ce 'yan sanda sun kashe aƙalla mutum 24, galibinsu a jihohin Arewa, rundunar kuma ta ƙaryata. Kowane karo labari biyu ne ke fitowa, kuma babu alƙalin da ɓangarorin biyu suka yarda da shi.

Inda aka sami na waje

Akwai karo ɗaya da ya nuna abin da bincike daga waje yake iya yi. A watan Yuni na 2005 'yan sanda sun kashe wasu matasa shida a Abuja, maza biyar da mace ɗaya, 'yan kasuwar Apo. Sanarwar farko ta ce 'yan fashi ne da suka yi musayar wuta da jami'ai. Da a ce abokan sana'arsu sun yi shiru, da nan zancen ya ƙare, iyayensu kuma su rayu da tambarin cewa sun haifi ɓarayi. Amma jama'a suka tayar da ƙura, Shugaba Obasanjo ya kafa kwamitin bincike a ƙarƙashin Mai Shari'a Olasumbo Goodluck, aka saurari shaidu a bainar jama'a, har da wasu 'yan sandan da suka faɗi abin da suka gani. Kwamitin ya gano cewa matasan ba 'yan fashi ba ne. A watan Maris na 2017 wata babbar kotu a Abuja ta yanke wa jami'ai biyu hukuncin kisa, ta sallami uku.

Shekara 12 ke nan kafin a kai ga hukunci, kuma iyalan ba su gamsu da duka sakamakon ba. Duk da haka an wanke sunan matattu, kuma ba ƙaramin abu ba ne. Abin da ke damuna shi ne, wannan ya samu ne saboda abin ya faru a babban birnin ƙasa, inda akwai 'yan jarida da lauyoyi da ƙungiyar 'yan kasuwa mai ƙarfi. Idan a kan hanyar Isa zuwa Shinkafi ne, cikin dare, wa zai tayar da ƙurar? Adalcin da sai an yi sa'a ake samunsa bai zama tsari ba tukuna.

Hukumomin da ke akwai

Wani zai ce ai muna da hukumomi. Gaskiya ne. Akwai Hukumar Kula da Ayyukan 'Yan Sanda, wadda kundin tsarin mulki ya ba ikon ɗauka da ƙarin girma da ladabtar da duk jami'i in ban da Sufeto Janar. Sai dai uku daga cikin waɗanda suka shugabance ta tsakanin 2013 da 2024, wato Mike Okiro da Musiliu Smith da Solomon Arase, duk tsofaffin Sufeto Janar ne. Ban ce ba mutanen kirki ba ne, amma mun dawo kan malamin da aka ba shi ɗakin jarrabawar makarantarsu. Akwai Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa da aka kafa a 1995, sai dai manomin Gatawa ko Kurawa sai ya niƙi gari ya tafi Sakkwato kafin ya ga ƙofarta, a kan hanyar da shi kansa yake tsoron bi. Bayan zanga-zangar neman rushe rundunar SARS a watan Oktoba na 2020, an umarci jihohi su kafa kwamitocin sauraren koke. Yawancinsu sun kafa, amma Sakkwato da Zamfara da Kebbi da Kano suna cikin waɗanda ba su kafa ba. A lokacin da yawa daga cikinmu sun ce wannan rigimar 'yan Kudu ce. To ko babu wanda aka taɓa zalunta a nan?

A wasu ƙasashe an ɗauki wata hanya. A Ingila doka ta tilasta wa 'yan sanda su miƙa duk wani kisa da ya auku a hannunsu ga wata hukuma mai zaman kanta. Afirka ta Kudu tana da irin wannan hukuma tun 1997, aka sake mata doka da ƙarin ƙarfi a 2011, kuma wajibi ne shugaban caji ofis ya sanar da ita da zarar wani ya mutu ta dalilin aikin 'yan sanda. Kenya ta kafa tata a ƙarƙashin dokar 2011, bayan zubar da jinin da ya biyo bayan zaɓen 2007. Ba zan yaudari mai karatu ba, waɗannan hukumomi ba su kawo ƙarshen kisa ba. A watan Agusta na 2012 'yan sandan Afirka ta Kudu sun harbe ma'aikatan haƙar ma'adinai 34 a Marikana alhali hukumar tana nan. Amma a Marikana an san adadin, an san sunayen, an yi zaman bincike a fili. Mu a Bakolori ko adadin ba mu samu ba.

Hujjar masu ja

Yanzu in dawo kan maganar 'yan majalisarmu. Wani tsohon ɗalibina da ya shiga aikin ɗan sanda ya ziyarce ni da Sallah, muka yi wannan muhawara a zaure. Ya ce, "Malam, kai kana da mako guda ka duba takarda. Ni idan babur ya nufo shinge da dare bai rage gudu ba, ina da daƙiƙa nawa? Idan na tsaya tunanin kwamiti, matata ce za ta yi takaba." Na yi shiru, domin gaskiya ya faɗa, kuma 'yan sanda da yawa sun rasa rayukansu a dazukan nan suna kare mu.

Amma na tambaye shi, idan ka yi harbi a kan gaskiya, ka kashe ɗan bindiga na haƙiƙa, danginsa suka ce manomi ne, wa zai wanke ka? Idan Difi'onka ya ce ba ka da laifi, mutanen gari za su ce dama me zai ce. Za ka ci gaba da yawo da tambarin mai kisan kai alhali ka yi aikinka ne. Wanda zai iya wanke ka har a yarda shi ne wanda da ka yi laifi zai iya kama ka. Hausawa sun ce mai kaza a aljihu ba ya jimirin as, to wanda aljihunsa babu kaza me zai tsorata da shi? Kuma mai bincike na gari ba ya auna mutum da abin da aka gano washegari, yana auna shi da abin da ya gani a wannan daƙiƙar, cikin wannan duhun.

Akwai kuma wani abin da ya fi wannan. Yaƙi da 'yan bindiga ba ya yiwuwa sai da bayanan sirri, bayanan kuma a bakin talaka suke. Mutumin da aka harbe ƙanensa aka ce ɓarawo ne, aka hana shi ko tambaya, ba zai sake taka caji ofis da labari ba. Wani ma dajin zai nufa. Mun ga yadda jinin da ba a bi kadinsa ba yake haihuwa. A watan Oktoba na 2021 'yan sa-kai sun kashe mutane a kasuwar Mamande ta ƙaramar hukumar Gwadabawa, ba a daɗe ba 'yan bindiga suka afka wa kasuwar Goronyo suka kashe fiye da 40, kuma mutane da yawa sun ɗauki na biyun a matsayin ramuwar na farko. 'Yan sa-kai ba 'yan sanda ba ne, amma darasin ɗaya ne, kuma ya shafi rundunar tsaron al'umma da Gwamnatin Jihar Sakkwato ta kafa a 2024. Duk wanda aka ba bindiga da sunan jama'a, jama'a suna da haƙƙin su san abin da ya yi da ita.

Abin da ake bukata

Ba wani abu mai wuyar ganewa nake nema ba. A sami doka da za ta ce duk ran da ya fita ta hannun jami'i, dole a sanar da wata hukuma wadda ba ta ƙarƙashin Sufeto Janar ko gwamna, ba sai iyalan mamaci sun kai ƙara ba. Masu bincikenta su iso da wuri, su karɓi bindigar, su ƙirga harsasan da aka ba jami'in da waɗanda ya dawo da su kamar yadda ke rubuce a rajistar ma'ajiyar makamai, su ji shaidu a wurin da ba caji ofis ba. Likita ya duba gawa cikin gaggawa, domin mu Musulmi ba ma jinkirta jana'iza, kuma sau da yawa hujja tana bin mamaci kabari. Kuɗin hukumar ya fito kai tsaye daga kasafi, kada ta zama mai roƙo a ƙofar waɗanda take bincika. A zaunar da dattawan gari da malamai da mata a cikin masu sa mata ido a kowace shiyya. Daga ƙarshe a karanta sakamakon a fili, da Hausa, a gidan rediyo, ko ya wanke jami'in ko ya kama shi. Inda aka sami kuskure a biya diyya, inda aka sami ganganci a miƙa wa kotu.

Kammalawa

'Yan uwana marubuta, kafin a sami wannan doka akwai aikin da ya rataya a wuyanmu. Mun cika kasuwa da littattafan soyayya, ban kuma ce laifi ba ne, amma dattawan da suka ga Bakolori da idonsu suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Wanda ke kusa da su ya ɗauki biro da takarda ya je ya zauna da su, ya rubuta sunan wanda ya mutu da garinsu da abin da ya fito nema a ranar. A rubuta na ɗan sandan da ya faɗi a bakin aiki shi ma, da irin wannan kulawa. Marubuci ba alƙali ba ne, amma idan ranar shari'a ta zo, abin da aka rubuta ne ake ɗaukowa.

Shi kuwa yaron nan na aji biyar, na kira shi bayan mako guda na ce masa amsar da na ba shi ba ta cika ba. Na gaya masa cewa a yanzu, a mafi yawan lokuta, abokinsa ne ya faɗi daidai, kuma gyaran wannan yana cikin aikin da ke jiran tsararsu da tamu. Ya ce shi lauya yake so ya zama. Na ce Allah ya sa, ya kuma dage da karatu, domin jarrabawa saura wata huɗu kuma ba ni zan yi masa maki ba.

Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya ba shugabanninmu ikon yin adalci. Amin.